Yadda Za Ka Zaƙulo Birus ɗin da Ya Ɓuya a Kwamfutarka Ka Fitar da Shi

A Garwa da Marwa da Ngaundere, har zuwa Kuseri da Njamena, ƙofofi biyu ne na ga birus ya fi bi ya shiga kwamfuta. Ta farko filash ce, wadda wasu ke ce wa kile. Ɗalibi a Dang, inda jami'ar Ngaundere take, zai kai tasa sakatariya a buga masa aikin makaranta, mai neman aiki zai kai tasa a fitar masa da takardun jarrabawar shiga aikin gwamnati, kuma duk a kwamfuta ɗaya ake soka su tun safe har dare. Ta biyu ita ce manhajar sata: Windows da Office da Photoshop da aka fasa, waɗanda mai gyara ko mai sayar da kwamfutar hannu ke ɗora maka kyauta, ya haɗa da ɗan abin da ke sa su daina neman lasisi.

Birus na zamanin nan ba ya son a san yana nan. Aikinsa ya kwashe kalmomin sirrin da ka ajiye a burauza, ko ya yi amfani da ƙarfin na'urarka ya haƙa wa wani kuɗin kirifto, ko ya buɗe wa maigidansa hanya ya shigo duk lokacin da ya ga dama. Amma duk wayonsa, dole ya samu inda zai maƙale don ya farka duk sanda aka kunna kwamfuta. Wannan wurin ake nema. Wanda ya goge fayil ɗin da ya gani ya bar wurin farkawar, ya yanke ciyawa ne ya bar saiwa.

Da yake yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, zan kawo sunayen wurare yadda za ka gan su a allo a Windows 10 da 11.

Ka fara tabbatarwa birus ne

Ba kowane nauyi ba ne birus. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa, kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka za ta yi nauyi, ta yi ta huci, har ta kashe kanta. Wannan maganinta a buɗe a kakkaɓe. Haka tsohon faifan ajiya da ya gaji, ko ƙwaƙwalwa mai giga 4 da aka cika wa shafuka ashirin.

Alamomin da ya kamata su tayar maka da hankali daban ne. Foldojin filash sun koma gumaka masu 'yar kibiya a gindi, waɗanda Windows ke kira Raccourci. Baƙar taga tana walƙawa ta ɓace bayan kunna kwamfuta. Data tana ƙarewa alhali ba ka sauke komai ba. Sécurité Windows, sashen tsaro na Windows, ta ƙi buɗewa, ko ka tarar an kashe ta ba da saninka ba. Abokai suna kira suna tambayar saƙon neman kuɗi da suka samu daga Facebook ɗinka. Fanka tana ihu ba ka aikin komai, amma da ka buɗe Gestionnaire des tâches, tagar da ke nuna abin da ke aiki a kwamfuta, sai ta yi tsit. Wannan ta ƙarshe halin masu haƙar kirifto ne, suna lafawa da zarar sun ga ana leƙe.

Mataki na farko: yanke rezo, ka tsirar da takardunka

Ka kashe Wi-Fi, ka zare wayar intanet, ka kashe rabon data daga salularka. Muddin akwai rezo, abin yana iya ci gaba da aika bayananka waje, yana kuma janyo 'yan uwansa. Daga wannan lokacin kada ka sake rubuta wata kalmar sirri a wannan kwamfutar.

Sai ka samu faifan waje ko filash da babu komai a ciki, ka kwafe abin da ba za ka iya rasawa ba: takardun Word da Excel da PDF, hotuna, bidiyo. Kada ka ɗauki ko fayil ɗaya mai ƙarewa da .exe ko .scr ko .vbs ko .js ko .bat ko .lnk, ko da kuwa manhajar da ka sha wuyar samu ce. Akwai irin su Sality da Ramnit da ke shiga cikin fayilolin .exe masu lafiya su zauna, ka kwashe su da hannunka ka mayar wa kanka cutar. Don ka riƙa ganin ƙarshen sunan kowane fayil, ka buɗe Explorateur de fichiers, ka shiga Affichage, ka sa alama a Extensions de noms de fichiers da Éléments masqués. A nan ne za ka ga abin da ka ɗauka takarda ce mai suna facture.pdf ashe facture.pdf.exe ne.

Kayan aikin da za mu yi amfani da su, a wata kwamfuta mai lafiya za ka sauke su, kuma daga shafin masu su kaɗai: Autoruns da Microsoft Safety Scanner daga Microsoft, sai Malwarebytes da AdwCleaner daga kamfanin Malwarebytes. Dukkansu ana samunsu kyauta. Safety Scanner kwana 10 yake aiki bayan an sauke shi, saboda haka wanda ya daɗe a filash ɗin wani ba zai yi maka amfani ba.

Mataki na biyu: shiga Mode sans échec

A wannan yanayin Windows na tashi da abin da ya zama dole kawai, yawancin birus ba ya samun damar farkawa. Ka riƙe maɓallin Maj (Shift), ka danna Redémarrer ba tare da ka saki ba. Shuɗin allo zai fito. Ka bi Dépannage, Options avancées, Paramètres de démarrage, sai Redémarrer. Idan jerin zaɓi ya fito ka danna F4. Kafin ka fara, idan faifanka a kulle yake da BitLocker, ka tanadi lambar buɗewarsa mai lambobi 48, wadda galibi take ajiye a asusunka na Microsoft, don ana iya tambayarka ita.

Idan kwamfutar tebur ce kuma babu abin riƙe wuta, ka zaɓi lokacin da wuta ta fi zama a unguwarku. Ɗauke wuta ana tsakiyar aikin nan na iya jawo maka wata matsalar daban.

Mataki na uku: nemo inda yake farkawa

A nan gizo ke saƙar, kuma nan ne ake buƙatar haƙuri.

Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta shell:startup, ka danna Entrée. Duk abin da ke wannan foldar yana tashi da zarar ka shiga kwamfuta. Birus ɗin filash ya saba ajiye fayil mai ƙarewa da .vbs ko .js a nan, wani lokaci da suna marar ma'ana, wani lokaci da sunan da zai sa ka yarda da shi, kamar na Adobe ko na sabunta Windows. Ka rubuta sunansa a takarda kafin ka goge, don za ka nemi sauran jikinsa da wannan sunan.

Daga nan ka buɗe Autoruns da ikon shugaban kwamfuta, wato ka danna shi da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Exécuter en tant qu'administrateur. Shi da Turanci yake. Yana jero duk wani abu da ke tashi da kansa, har waɗanda Gestionnaire des tâches ba ya nunawa. A Options ka zaɓi Hide Microsoft Entries don jerin ya ragu, sannan ka duba shafuka uku da kyau: Logon, Scheduled Tasks da Services. Layin da aka shafa wa ruwan hoda yana nufin fayil ɗin ba shi da sa hannun kamfanin da aka tantance. Mai ruwan ɗorawa kuma fayil ɗinsa ya riga ya ɓace, suna kawai ya rage.

Abu uku za ka tambayi kowane layi. Wa ya yi shi? A ina yake zaune? Me yake kira? Wurin zama ya fi komai tona asiri. Svchost.exe na gaskiya a C:\Windows\System32 yake, ko a SysWOW64. Idan ka ga mai irin sunan a AppData ko Temp ko ProgramData ko Users\Public, ɗan sojan gona ne. Haka idan layi yana kiran wscript.exe ko mshta.exe ko powershell.exe, bayansa da doguwar tarkacen haruffa da ba a iya karantawa, wannan abin tuhuma ne sosai. Su waɗannan ukun na Windows ne, ba a goge su. Abin da aka ba su su gudanar shi ne matsalar.

Sai dai kada ka zaƙe. Telegram da Zoom da OneDrive duk a AppData suke zama, kuma lafiyarsu ƙalau. Direban firinta ko na modem na iya fitowa da ruwan hoda ba tare da laifin komai ba. Shi ya sa ban yarda a fara da gogewa ba. Ka cire alamar da ke gefen layin kawai, abin zai daina tashi, idan kuma ka ga wani abu ya lalace sai ka mayar. Garin neman gira kada a rasa ido.

Idan ka rasa yadda za ka yanke hukunci kan wani fayil, ka bari sai ka dawo da rezo ka ɗora shi a shafin VirusTotal, inda injinan kamfanonin tsaro kusan 70 za su duba shi a lokaci guda. Idan ɗaya ko biyu ne suka yi ƙorafi, ƙila ƙararrawar banza ce. Idan talatin ne, magana ta ƙare. Amma kada ka ɗora takardar sirri ko ta aikin ofis a can, don masu bincike na iya samun abin da aka ɗora.

Wanda bai samu Autoruns ba zai iya leƙa jadawalin ayyuka da hannu. Ya danna Windows da R, ya rubuta taskschd.msc, ya duba shafin Actions na kowane aiki. Aikin da ke maimaita kansa kowane minti kaɗan, yana kiran fayil daga Temp ko AppData, shi ne dalilin da ya sa kake gogewa yana dawowa.

Bayan ka kashe wuraren farkawar, ka bi adireshin kowane fayil da ka tabbatar da shi ka goge. Sannan ka rubuta %temp% a wannan akwatin na Windows da R, ka share abin da ke ciki. Wanda ya ƙi goguwa ka ƙyale shi.

Mataki na huɗu: gyara maigadin, sannan ka sa shi bincike

Mutane da yawa za su ce maka ai sun yi bincike da Defender, manhajar kariya da ke zuwa tare da Windows, bai ga komai ba. Dalilin sau da yawa shi ne an ɗaure masa ido. Ka sake kunna kwamfutar yadda aka saba, ka buɗe Sécurité Windows, ka shiga Protection contre les virus et menaces, sai Gérer les paramètres, ka gangara ƙasa zuwa Exclusions. Nan ne jerin wuraren da aka ce kada ya leƙa. Birus na sa kansa a ciki, masu ɗora manhajar sata ma suna sa tasu foldar don kada a kama ta. Idan ka ga C:\ gaba ɗaya, ko AppData, ko ProgramData, ko wani abu mai KMS a sunansa, wanda galibi abin fasa lasisi ne, ka cire.

Ka kuma duba ko akwai wata tsohuwar manhajar kariya da wa'adinta ya ƙare. Irin wannan ta daina sabuntawa. Ka rubuta appwiz.cpl a akwatin Windows da R ka cire ta. Tunda kana wurin, ka jera manhajojin bisa ranar da aka ɗora su, ka duba abin da ya shigo a kwanakin da matsalar ta fara. AnyDesk ko TeamViewer da ba kai ka sa ba, kuma mai gyaranka bai gaya maka ya sa ba, ka fitar da shi, don da su ake tuƙa kwamfuta daga nesa.

Yanzu ka dawo da rezo na ɗan lokaci don Defender ya sabunta, sannan ka sake yankewa. Idan data ta yi maka tsada ko rezo ba ya ja, akwai fayil mai suna mpam-fe.exe a shafin Microsoft, ana sauke shi a wani wuri a kawo a filash. Daga nan ka shiga Options d'analyse ka zaɓi binciken da ke da hors ligne a sunansa. Kwamfutar za ta mutu ta tashi ta yi bincike na kimanin minti 15 kafin Windows ya farka. Amfaninsa shi ne akwai nau'in da ake kira rutkit, wanda ke shiga can ƙarƙashin Windows ya sa shi ya ɓoye shi daga duk mai nema. Idan Windows bai tashi ba, babu mai rufa masa asiri. Sakamakon yana Historique de protection.

Bayan wannan ka yi Analyse complète, wanda kan ɗauki awanni, sannan ka bi da Malwarebytes ko Safety Scanner, don abin da ya kuɓuce wa ɗaya ɗayan na iya kamawa. AdwCleaner na ƙarshe, shi ke kwashe tarkacen talla. Ka sake kunna kwamfutar, ka koma Autoruns. Idan abin da ka kashe ya dawo da alamarsa ko da sabon suna, akwai sauran da ba ka gano ba.

Filash ɗin da foldojinta suka koma Raccourci

Kada ka yi mata fomat, fayilolinka na nan, ɓoye su aka yi. Kuma kada ka danna waɗannan gumakan, danna su shi ke tayar da birus ɗin. Sai kwamfutar ta tsarkaka tukuna, in ba haka ba kana gyarawa tana sake ɓatawa.

Ka soka ta, ka duba harafin da aka ba ta, a ce E ne. Ka buɗe Invite de commandes, ka rubuta E: ka danna Entrée. Sai ka rubuta wannan daidai:

attrib -h -r -s /s /d *.*

Ka jira ya gama. Idan ya yi ƙorafi kan System Volume Information, ba komai. Sannan ka rubuta del *.lnk don share gumakan ƙarya, bayan ka tabbata har yanzu kana kan harafin filash ɗin. Ka buɗe ta. Sau da yawa za ka tarar da kayanka a cikin wata folda marar suna. Ka kwashe takardunka zuwa kwamfuta, ka bar duk wani .vbs ko .js ko .exe ko autorun.inf da ba ka sani ba, ka sa Defender ya duba abin da ka kwasa. Yanzu ne za ka yi mata fomat ka mayar da kayanka.

Burauza da asusunka

Saƙonnin da ke faɗowa a kusurwar allo suna cewa kwamfutarka ta kamu, ka danna nan, yawanci ba birus ba ne, wani shafi ne ka taɓa ba shi izinin turo sanarwa. A Chrome ka rubuta chrome://settings/content/notifications ka cire shafukan da ba ka sani ba, sannan chrome://extensions ka cire duk ƙarin da ba kai ka sa ba. Ka leƙa Paramètres, Réseau et Internet, Proxy, idan an cusa wani adireshi kuma kwamfutar ba ta ofis ba ce, ka kashe.

Fitar da birus ba ya dawo da abin da ya riga ya sata. Irin su RedLine da Lumma cikin ɗan lokaci suke kwashe duk kalmomin sirrin burauza, tare da shaidar da ke nuna ka riga ka shiga asusu, wadda da ita ɓarawo ke shiga ba tare da an tambaye shi komai ba. Saboda haka ka ɗauki salularka, ka fara da imel, don da shi ake buɗe sauran. Ka canza kalmar sirri, ka fitar da duk na'urorin da ke ciki, ka kunna tantancewa mai mataki biyu. Ka yi wa Facebook da asusun banki haka. A WhatsApp ka duba Appareils connectés, a Telegram ka duba Appareils. Idan ka taɓa rubuta lambar sirrin Orange Money ko MoMo ko Airtel Money ko Moov Money a wani fayil a kwamfutar, ka canza ta. Wanda aka yi wa satar kuɗi ko ake yi masa barazana da hotunansa ya adana hujja ya kai ƙara. A Kamaru hukumar ANTIC ce ke kula da tsaron intanet, kuma akwai dokar ranar 21 ga Disamba 2010 kan irin waɗannan laifuka. A Chadi ANSICE ce.

Idan kuwa fayilolinka sun ƙi buɗewa, an liƙa wa kowanne wasu baƙin haruffa huɗu a ƙarshen suna, ga wata takarda mai suna _readme.txt tana neman ɗaruruwan daloli, to STOP/Djvu ne, birus mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, kuma ta manhajar sata ya fi yaɗuwa. Cire shi ba ya buɗe fayilolin. Ka adana su yadda suke a faifan waje, ka gwada shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016, da kuma abin buɗewa na kamfanin Emsisoft. Wasu kan dace, da yawa ba sa dacewa. Ban ba da shawarar biya ba, kuma duk wanda ya biyo ka a Facebook ya ce zai buɗe maka su idan ka tura masa kuɗi, ɓarawo na biyu ne.

Lokacin da fomat ya zama dole

Idan an gano rutkit, ko irin mai shiga cikin fayilolin .exe, ko abin ya ci gaba da dawowa, ko kuma Windows ɗin kansa na sata ne tun asali, ka daina wahalar da kanka. Haka kwamfutar da ake hada-hadar kuɗi da ita, ba a barinta cikin shakka.

Amma fomat ma yana da yadda ake yi. Abin da aka saba shi ne mai gyara ya share ɓangaren faifai na C ya bar na D, inda aka tara tsofaffin manhajoji, sannan ya ɗora Windows daga filash ɗinsa da ta zaga kwamfutoci ɗari, ya kashe Defender, ya sa abin fasa lasisi. Ka biya kuɗi ka koma gida da ciwon da ka kawo. Ka gaya masa kai tsaye: Malam, daga shafin Microsoft nake so a sauko da shi, a sabuwar filash mai giga 8 ko fiye, a share faifan gaba ɗaya, kuma kada a sa mini komai na fasa lasisi. Kwamfutoci da yawa da aka ƙera tun zamanin Windows 8 lasisinsu na cikin jikinsu, da an haɗa da intanet yake kama kansa. Ko babu lasisi Windows na aiki, rubutu kawai zai tsaya maka a kusurwar allo. A madadin Office na sata akwai LibreOffice, kyauta ne kuma yana buɗe takardun Word da Excel.

Windows 7 ya daina samun gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Tsohuwar kwamfutar da ba za ta ɗauki Windows 11 ba, Linux Mint, wanda ake ɗorawa a madadin Windows, zai yi mata, musamman ga mai sakatariya da ke karɓar filash ɗin jama'a, domin birus ɗin da ke mayar da foldoji Raccourci don Windows aka rubuta shi, ba ya tashi a can. Kai kuma mai kai bugu, ka ware filash ɗaya ta wannan aikin kaɗai, ka mayar da takardar PDF kafin ka fita, ko ka tura wa mai shagon ta WhatsApp ka bar filash ɗin a gida.